Butar Yero

Duk wanda ya san Yero mai garma a yau, da ido ɗaya ya san shi, da yatsu uku na hannun hagu da ba sa miƙewa. Baƙo in ya gan shi yana bin shanunsa a gonakin gefen Birchi sai ya ɗauka sa ne ya soke shi, ko kuma ɓarayin daji ne suka yi masa aika-aika. Babu ko ɗaya. Mutanen garin da yake zaune ne suka yi masa haka, da rana tsaka, a gindin tsamiyar ƙofar masallaci, alhali rabinsu shi ya yi musu huɗa a wannan daminar. Abin da ya ja masa kuwa, in aka bi shi daki-daki, bai wuce buta ba.

A wata ruga aka haife shi, yamma da dam ɗin Zobe. Fulatanci ya bar gidan tun zamanin kakansa, sai 'yar gaisuwa da kiran shanu, amma filako yana nan daram, domin ubansa mutum ne mai koyar da kunya da sanda. Yero yana ɗan shekara tara ƙaya ta shige masa tafin ƙafa, ya yi kuka a gaban baƙi. Uban ya jira baƙin suka tafi, ya zane shi har sai da ya haɗiye kukan. Wata rana aka gan shi yana shan rake a tsakiyar kasuwa, nan ma jikinsa ya gaya masa. Darasin da ya fi zama masa a ƙashi shi ne na uku, wato namiji ba ya bari a san lokacin da yake zagayawa, balle a gaban surukai. Da haka ya girma, dogo, siriri, marar magana, irin mutanen nan da ko yunwa za ta kashe su a gidanka sai su ce maka yanzu suka tashi daga kan akushi.

Kiwo bai riƙe shi kamar yadda horon shanun noma ya riƙe shi ba. Yana da hannu a wannan aiki. Bijimin da ya gagari kowa, in ya kwana goma a wurin Yero sai ka ga ya miƙa wuya da kansa a sa masa karkiya. Daga Birchi har Dabawa ana nemansa da zarar ruwa ya sauka, don huɗarsa ba ta karkacewa kuma ba ya barin gefen gona. Wurin huɗar ma ya samo mata. Malam Tukur na Gidan Ɗinya, wani ƙauye da ke tsakanin Birchi da hanyar Dutsin-Ma, ya kira shi aiki, 'yarsa Mardiya ta kawo fura gona. Yero ya ƙi sha saboda dattijon na zaune. Mardiya, wadda bakinta bai taɓa jin labarin filako ba, ta ce to ita shanun za ta ba, tunda su ba su da kunya kuma su suka yi aikin. Bayan kaka aka ɗaura aure, ta tare a ruga, shekara na zagayowa ta haifi Azumi.

Yana wajen shekara talatin ciwon ya same shi. Murɗar ciki, sai zawo, sai jini da majina. Bai gaya wa kowa ba. Sai ya riƙa saɗaɗawa wurin masu maganin basir na kasuwa, masu lasifika a kan mota, waɗanda ko ciwon ido ka kai musu basir ne. Suka yi ta ɗura masa jiƙon wankin ciki, mutumin da hanjinsa duk ya zama ciwo. Wata shida yana haka, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bayan garma, shanun suka ja shi taku goma kafin su tsaya. Mardiya ce ta kai shi asibiti a Dutsin-Ma. Aka yi masa maganin atini har sau biyu bai ji ba, aka tura shi babban asibiti a Katsina, can aka zura masa na'ura mai kyamara aka leƙa cikin.

Likitan ya yi masa bayani da Hausa tsaf. Ya ce gyambo ne ya cinye fatar babban hanji, ba tsutsa ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma basir ba, jikin mutum ne da kansa ke far wa hanjinsa. Ya ce ciwon ba ya tafiya, amma yana kwanciya, kuma abin da ke kwantar da shi wata ƙwaya ce mai suna mesalazin, da za a sha kullum ko da mutum yana jin kansa garau. Ya ja masa kunne a kan magungunan ciwon jiki na 'yan talla, ya ce su ke tayar da shi. Yero ya saurara kansa a ƙasa. A motar komawa gida ya sa Mardiya ta yi masa alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba, ko da uwar da ta haife ta. Ta ce wannan wauta ce, amma ta yi alkawarin. Shekara uku ciwon yana kwance, Yero ya mayar da jikinsa, duk ƙarshen wata yakan je Katsina ya karɓo magani, mutane suna cewa kasuwar shanu yake zuwa.

Sai shekarar da daji ya lalace. Wani hantsi a farkon damina, Yero yana huɗa a wata gona nesa da gida, ɓarayi suka sauka rugarsu a kan babura. Suka kore garken duka. Wansa Abubakar Sadiq ya tsaya a gaban shanun da sandarsa, suka harbe shi a ƙirji suka bi ta kansa da babur, suka cinna wa bukkoki wuta. Mardiya ta tsira ne don ta kwanta cikin kwazazzabo ta toshe bakin Azumi da zaninta. Da Yero ya iso, toka ya tarar da gawar wansa. Abin da ya rage masa a duniya shi ne shanun noman nan biyu da ke hannunsa. Maganinsa na wata guda ya ƙone tare da ɗakin.

Malam Tukur ya yi abin da ya kamata, ya ba su ɗaki a gidansa. A nan ne matsalar take, ko da yake babu wanda ya ganta. Masai ɗaya ne a gidan, a can ƙuryar yamma, kuma hanyarsa ta gaban rumfar Malam Tukur ta bi. Dattijon kuwa tun da gwiwoyinsa suka ƙi, a rumfar nan yake wuni yana tufkar igiya, ba ya tashi sai salla. Kusa da rumfar kuma murhun surukar Yero ne. Ke nan duk mai zuwa masai sai ya wuce da butarsa a tsakanin miji da mata, su yi masa sannu. Yero ya dubi wannan hanya sau ɗaya, ya san ƙafarsa ba za ta taɓa takata ba. A bayan ɗakinsu katanga ta zube, daga nan sai gonar dawa. Nan ya mayar makewayinsa.

Mako biyar ya yi babu magani. Hanyar Katsina ba daɗi a lokacin, ga zaman makoki, ga huɗa da ba ta jira. Aiki yake daga safe har la'asar don ya manta da abin da ya gani, har bayansa ya riƙe. Wani mai tallar magani a kan keke ya ba shi wata ƙwaya ya ce ko jaki ya sha sai ya miƙe. Yero ya san an hana shi. Ya sha, kwana huɗu a jere.

Ciwon ya tashi da fushin shekara uku. Ba murɗa ba ce irin ta da, ji yake kamar an zura masa lauje a mara ana ja. Sau goma sha biyar a wuni, wani lokaci fiye, kuma in ya zo ba ya ba mutum damar neman takalmi. Yero zai fizgi buta ya tsallaka katanga ya kutsa cikin dawa a guje, ya tsuguna yana cizon hannun rigarsa don kada a ji nishinsa, abin da zai fito kuma jini ne zalla. Wani lokaci ba ya kai wa. Waɗannan wandunan Mardiya ke naɗewa ta cusa ƙarƙashin gado, in sun taru ta zuba a baho ta rufe da kayan Azumi ta tafi rafi can nesa da inda mata ke wanki. Ta yi masa magiya, ta yi zagi, ta yi kuka, kafin ya yarda suka tafi Katsina.

Likita ya so ya kwantar da shi. Yero ya ƙi, don in aka kwanta asibiti 'yan dubiya za su zo, kuma ɗan dubiya sai ya tambayi me ke damun mutum. Likitan ya girgiza kai ya rubuta magani. Bayan mesalazin ɗin, ya ƙara masa wasu ƙananan fararen ƙwayoyi masu kashe kumburi, takwas kowace safiya, a riƙa rage ɗaya duk mako, ya kuma ce ko sama da ƙasa za su haɗu kada ya yanke su farat ɗaya, domin jiki na iya sarewa. Sai na uku, wanda ake sawa ta baya, dogo kamar harsashi, naɗe a farar takarda mai ƙyalli, a sa shi bayan an zagaya, a kwanta a gefen hagu na ɗan lokaci. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Rahamatu ta karɓi wayarsa ta saita masa ƙararrawar lokutan shan magani, ta ba shi lambarta ta ce duk mako ya kira ya faɗa mata sau nawa yake fita kuma ko jinin ya ragu. A Gidan Ɗinya waya ba ta kamawa sai an hau tudun bayan gari, wanda ke kallon daji.

Magani ya fara aiki. Daga sha biyar aka dawo tara, aka dawo shida, jinin ya ragu. Yero har ya fara jin zai rayu. Bai san gari ya sa masa ido ba.

A shekarun nan babu kalmar da ta kai infoma saurin kashe mutum a ƙauyukanmu, wato mai kai wa ɓarayi rahoto daga cikin gari. Kuma Allah ya sani akwai su. To ga baƙo daga ruga, wanda aka kwashe garkensu amma shi aka bar masa shanu biyu. Ga shi yana tsallaka katanga ya shige dawa sau babu adadi. Wayarsa takan yi ƙara yana zaune cikin mutane, ya miƙe ba sallama. An gan shi a kan tudu yana magana ƙasa-ƙasa, yana waige. Ya daina cin tuwon dawa da miyar kuka irin na kowa, sai farar shinkafa da kifin Zobe. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne kumatunsa. Fararen ƙwayoyin nan suna kumbura fuska, sai ga Yero a tsakiyar watan yunwa, lokacin da kowa ya zabge, fuskarsa ta yi ɓul-ɓul. A majalisa aka fara cewa naman shanun sata ba ya ɓuya. Babu wanda ya lura cewa daga wuya zuwa ƙasa ƙashi ne kawai a cikin riga.

Ranar wata Talata samarin sintirin garin suka tafi jana'iza Kurfi. Da la'asar ɓarayi suka fito wa manoma a fadama, kamar an gaya musu. Mutum biyar suka kashe. Cikinsu har da Mas'ud, ƙanen shugaban sintirin, Kamilu mai faci. A amalanken Yero aka kwaso gawarwakin, shi ya ja shanun da kansa. Kamilu ya wanke ƙanensa, ya ga yadda adda ta raba masa kafaɗa, bai yi kuka ba. Washegari bayan an dawo daga maƙabarta ya shiga gidan Malam Tukur ya durƙusa a bakin rumfa, ya tambaye shi abin da surukinsa ke zuwa yi cikin dawa. Dattijon ya daɗe yana murza igiya, sannan ya ce bai sani ba.

Ranar Alhamis da hantsi suka bi shi su bakwai. Suka same shi a tsakiyar dawa kwance a gefen hagu, buta a gabansa, waya da 'yar jakar magani a kusa da kansa. Bai ko samu ya miƙe ba gora ta sauka masa a haƙarƙari. Suka ɗaure shi da igiyar shanunsa, suka ja shi a ƙasa ta cikin karan dawa, ta kan tsakuwar hanya, har gindin tsamiya. Kafin su iso gari ya taru.

Kamilu ya zazzage jakar a ƙasa. Fararen ƙwayoyi suka watse, wani ya ce ga ƙwayar da yake kai wa ɓarayin nan. Masu farar takardar nan suka gangaro, wani ya ɗaga ɗaya sama ya ce harsashi ne, mata suka ja da baya. Kamilu ya tsuguna daidai fuskar Yero.

"Yero, mi kake zuwa yi cikin dawa? Wa kake kira bisa tudu?"

Kalma uku za su fitar da shi, kuma suna kan harshensa. Ya ɗaga kai zai faɗa, sai ya ga Malam Tukur a sahun gaba dogare da sanda, surukarsa a bayansa, liman a gefe, da matan unguwa, da duk wanda ya taɓa gaishe shi da mutunci. Bakinsa ya rufe kamar an ɗinke. Tsoro yake ji, tsoro ƙwarai, don ya san yadda irin wannan taron ke ƙarewa. Amma ya ce a gaban surukinsa zawo yake, yana ɓata wando, yana cusa magani ta baya, wannan ya fi ƙarfinsa.

"Ban cuci kowa ba," ya ce.

Daga nan aka rufe shi da duka. Gora, bulalar roba, ƙotar fartanya, duk abin da hannu ya samu. Waɗanda suka rasa 'yan uwa suna duka suna kiran sunayen mamatansu, waɗanda ba su rasa kowa ba sun fi su zafin hannu. Kamilu ya sa aka danne hannunsa na hagu a kan saiwar tsamiya, ya sake tambaya, Yero ya yi gum, gindin bindigar harba-ruga ya sauka a kan yatsa. Aka sake tambaya, aka sake saukewa. Sau uku. Yero bai yi kuka ba, ubansa ya riga ya cire masa wannan, kuma rashin kukan ya ƙara tabbatar musu cewa taurin zuciyar ɓarayi gare shi. Wani ya zabga masa ɗamarar da ke da ƙarfe a baki, ƙarfen ya shige idon dama, duniya ta yi ja sannan rabinta ya mutu. Liman ya ce a tsaya a kai shi hannun hukuma, muryarsa ba ta wuce rawaninsa ba. Wani matashi ya tafi zuƙo fetur daga tankin babur.

Ana cikin haka wani ya tokare shi a mara da dunduniya. Cikin ya saki. Jini ya biyo ƙafar wandonsa ya kwanta a ƙasa, da warinsa, a gaban kowa. Abin da ya ba da yatsu uku da ido don ya ɓoye, ga shi a fili. Yero ya kifa fuskarsa a ƙasa yana roƙon Allah ya sa mai fetur ya yi sauri.

Mardiya na rafi lokacin da labari ya iske ta. Ba ta ajiye bahon ba, da shi ta taho a ka, ko rabin wankin ba ta yi ba. Ta ratsa maza da kafaɗa, ta tsaya tsakanin mijinta da mai galan ɗin fetur, ta juye bahon a ƙafafun Kamilu. Wanduna shida ne, wasu jinin ya bushe ya yi baƙi, wasu ɗanye.

"Ga abin da ke kai shi dawa nan," ta ce. "Kwana arba'in ina wanke wanga abu a ɓoye don kada uwata ta gani. Matso ka sansana, Kamilu, tunda kai ne mai bincike. Gyambon hanji gare shi, shekara huɗu ke nan. Wadda yake kira bisa tudu malamar asibiti ce." Ta juya wajen ubanta. "Baba, kai yake ma kunya. Masai na bayanka, kai kuma ba ka tashi daga rumfa."

Ta kwance bakin zaninta ta fito da katin asibiti ta jefa wa malamin firamaren garin. Ya karanta, ya ɗauki kwalin magani daga ƙasa ya gwada da abin da ke rubuce, ya ce haka ne.  Sai ga mutane suna zamewa ɗaya-ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki a gida, har da mai ɗamarar. Kamilu ya tsaya da bindiga a hannu yana kallon wandunan. Mardiya ba ta ƙara bi ta kansa ba. Ta durƙusa tana tsince fararen ƙwayoyin daga cikin ƙasa da jini, tana hure su tana ƙullewa a zani, don ta tuna likita ya ce kada a yanke su ko kwana ɗaya.

A amalankensa aka kai shi bakin titi, daga nan mota ta kai shi Dutsin-Ma, aka ɗinke abin da zai ɗinku aka wuce da shi Katsina. Dukan ya mayar da ciwon baya fiye da inda ya faro. Sai da aka ƙara masa jini, aka koma ba shi maganin kumburin ta jijiya, kwana goma sha tara yana kwance. Idon bai dawo ba. Yatsun sun haɗe a karkace. Kwana uku na farko bai yi wa Mardiya magana ba, in ta shigo sai ya juya wa bango fuska. A na huɗu ya ce, ba tare da ya dube ta ba:

"Kin yi mani alkawari. Da kin bari sun ƙarasa ni."

"In ka warke ka sake ni," ta ce, ta miƙa masa kofi. "Sha maganinka tukuna."

Ya sha. Bai sake ta ba, kuma bai sake tayar da maganar ba. 'Yan dubiyar da ya guda tun farko ba su zo ba, kunya ta koma kansu. Wanda ya kai rahoton ranar Talata kuwa, in ma akwai shi, har yau ba a san shi ba, wataƙila ma ranar yana nan da gorarsa a hannu a gindin tsamiya. Kamilu ya bar sintiri, daga baya ya bar garin gaba ɗaya. An ce sau biyu yana zuwa ƙofar asibitin yana juyawa.

Ranar da aka sallamo Yero ya so su wuce wani gari inda ba a san shi ba. Mardiya ta ce shanunsa da 'yarsa suna Gidan Ɗinya, in zai gudu ma sai ya je ya ɗauke su. Suka iso da azahar. Ya shiga gidan, kansa a sunkuye, yana shirin yadda zai wuce rumfa, sai ya ga rumfar ba kowa, igiyar da aka fara tufka tana yashe a kan tabarma. Daga bayan ɗakinsu ake jin sarar diga.

Ya zagaya. A daidai inda katanga ta zube, Malam Tukur ne cikin rami har ƙugu, ba riga, ƙasa ta manne masa a furfura. Mutumin da sai an kama shi yake miƙewa daga tabarma. Surukar ta gaya wa Mardiya daga baya cewa kwana goma sha biyu yana haƙa, samari sun zo su karɓa ya kore su da digar. Yero ya durƙusa a bakin ramin ya gaishe shi. Dattijon bai ɗago ba.

"Tun makon hwarko da ciwon ya tashi na gane ba lahiya ba," ya ce yana kallon ƙasan ramin. "Na ga buta, na ga tahiyarka. Kunya ta hana ni tambayarka. Da Kamilu ya zo, na buɗe baki in ce surukina ciki ke damun shi, na kasa. Sai na ce ban sani ba."

Ya ɗaga digar zai sara, hannunsa ya ƙi, ya jingina ta da bangon ramin.   Yero ya ɗauka shi kaɗai aka yi wa wannan horon a duniya, ashe su biyu ne a gida ɗaya, taku goma tsakaninsu, kowa yana kare mutuncin ɗan uwansa har aka kusa ƙona ɗaya. Tausayin tsohon ya kama shi, da haushin kansa, da haushin sandar ubansa.

Sai cikinsa ya murɗa. Ba irin ta da ba, 'yar kaɗan ce, amma ya san ba ta jira. Ramin bai gamu ba. Ga dawa nan a bayan katanga, ta yi kai, tsallake ɗaya ne. Butarsa tana jingine a bakin ɗaki, wani ya tsinto ta daga gona ya wanke. Ya ɗauke ta da hannun da ya rage masa lafiya, ya cika ta a randa, ya dawo ya tsaya inda dattijon zai gan shi sosai.

"Baba, bari in zagaya."

Malam Tukur ya ɗago ya dubi butar, ya dubi idon da babu.

"Tahi, ɗana," ya ce.

Yero ya bi ta tsakar gida, ya wuce rumfa, ya wuce murhu inda surukarsa ke tuƙa tuwo. Ta yi masa sannu, ya amsa.